Nannaɗe Jariri Domin Barci: Matsalolinsa da Hanyoyin Magance Su

Gabatarwa

A duk gidan da aka yi haihuwa, da wuya a kai ranar suna ba a yi gardama a kan barcin jariri ba. Kaka ta ce a ƙara masa mayafi kada sanyi ya kama shi, ma'aikaciyar asibiti ta ce a rage, ita kuwa mai jego burinta yaron ya yi barci ita ma ta samu ta runtsa. Ɗaya daga cikin dabarun da 'yan Adam suka daɗe suna amfani da su wajen kwantar da jariri ita ce nannaɗe shi tsaf cikin zane, yadda hannayensa ba za su riƙa wutsil-wutsil ba. Al'ada ce tsohuwa a ƙasashe irin su Turkiyya da Rasha da Sin da Mangoliya, kuma a yau har zannuwa na musamman ake ɗinkawa ana sayarwa dominta. Dabarar tana da amfani, amma idan aka yi ta ba bisa ƙa'ida ba tana iya jawo nakasa, har ma da asarar rai. Ilimin halittar jikin jariri ya bayyana dalilin kowace matsala, kuma a cikin dalilin ne maganin yake.

Me ya sa naɗi yake kwantar da jariri?

Sabon jariri yakan yi barcin sa'o'i 14 zuwa 17 a kwana guda, kusan rabinsa kuma barci ne marar nauyi mai cike da motsi. Ana haihuwarsa da wata zabura wadda ba da nufinsa yake yin ta ba: da ya ji ƙara, ko ya ji kamar an sake shi zai faɗi, sai ya watsa hannayensa waje ɗaya, sa'an nan ya dawo da su kamar mai son rungumar wani abu. Likitan yara Ernst Moro ne ya bayyana wannan zabura a shekarar 1918, shi ya sa ake kiran ta da sunansa. Ɗalibin da ya karanta darasin jijiyoyi zai gane ta a matsayin misalin motsin da jiki ke yi ba tare da jiran shawarar tunani ba. Sau da yawa ita ce ke farkar da jariri daga barci. Naɗi yana tare hannayen, sai zaburar ta wuce bai farka ba. Wannan zabura takan gushe da kanta tsakanin wata uku zuwa shida, don haka amfanin naɗi na ɗan lokaci ne.

Matsala ta farko: zane yana kwancewa

Zanen da ya kwance yana iya hawa fuskar jariri ya toshe masa hanci, shi kuwa ba ya da ƙarfin janye shi. Yawanci ƙanƙantar zane ko santsinsa ke jawo haka. A sami zanen auduga marar kauri, mai kimanin mita ɗaya a kowane gefe. A shimfiɗa shi, a ninke kusurwa ɗaya, a kwantar da jariri rigingine yadda kafaɗunsa za su yi daidai da bakin ninkin, kai da wuya suna waje. A jawo gefe ɗaya a ƙetara ƙirji a soke shi ƙarƙashin bayansa, a ɗago na ƙasa a sake, sa'an nan a jawo ɗaya gefen a soke. Nauyin jaririn ne zai riƙe zanen. Ba a bukatar igiya ko fil.

Matsala ta biyu: matse ƙirji

Haƙarƙarin jariri bai yi ƙwari ba, kuma yana numfashi sau 40 zuwa 60 a minti guda, yana dogara ƙwarai ga tantanin da ya raba ƙirji da ciki. Wannan ne ya sa ake ganin cikinsa na hawa da sauka. Idan aka ɗaure shi tamau, huhunsa ba zai buɗe yadda ya kamata ba. Gwajin mai sauƙi ne: bayan an gama naɗi, a zura yatsu biyu ko uku tsakanin zane da ƙirji. In ba su shiga ba, a kwance a sake.

Matsala ta uku: miƙar da ƙafafu

Wannan ita ce matsalar da ba a ganin illarta sai bayan watanni. Wasu na miƙar da ƙafafun jariri su haɗe su su ɗaure, da zaton hakan zai hana su karkacewa, tunda icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A nan karin maganar ba ta yi aiki ba. Kan ƙashin cinya dunƙule yake kamar ƙwallo, yana zaune cikin wani gurbi a ƙashin kwatangwalo. A jikin jariri yawancin gurbin guringuntsi ne mai laushi, kuma ba ya zurfafa sai ƙwallon ya zauna daram a cikinsa. Yana zama daram ne idan gwiwoyi suna lanƙwashe, cinyoyi kuma a buɗe kamar na kwaɗo. Miƙar da ƙafafu da ƙarfi yana tura ƙwallon zuwa bakin gurbi, har ya iya gocewa. Yaron da ba a gano masa wannan da wuri ba yana iya tashi da ɗingishi, ga ciwon gaɓa tun yana saurayi.

Abin da ya faru a Japan ya isa hujja. A can a da ana ɗaure jarirai da ƙafafu a miƙe, kuma gocewar ƙashin kwatangwalo takan sami fiye da jariri ɗaya cikin ɗari, a wasu wurare ma har uku. A shekarar 1975 aka fara gangamin wayar da kai a faɗin ƙasar don a bar ƙafafun jarirai su sake. Cikin 'yan shekaru adadin ya sauko zuwa kimanin biyu cikin dubu. Haka nan an lura cewa cutar ba ta da yawa a al'ummomin Afirka da ke goya yara a baya, domin goyo yana buɗe cinyoyi daidai yadda gaɓar ke bukata. Ashe zane da majanyin da Bahaushiya ke goyo da su gata ne ga ƙashin ɗanta. Ƙa'idar dai ita ce, daga ƙugu zuwa ƙasa a bar zane ya zama kamar jaka, yadda jariri zai iya naɗe ƙafafunsa ya buɗe su.

Matsala ta huɗu: zafi

Idan aka zuba ruwan zafi a ƙaramin kofi da babbar tukunya, na kofin ne zai riga hucewa, saboda faɗin bayansa ya yi yawa in an kwatanta da abin da ke cikinsa. Haka jikin jariri yake, shi ya sa tsoron sanyi da iyaye ke yi yana da tushe, musamman da hunturu. To amma jariri bai iya fitar da zafi ta hanyar gumi sosai ba, kuma ba zai iya yaye mayafi da kansa ba. Zafin jikinsa ya kamata ya tsaya tsakanin digiri 36.5 da 37.5 a ma'aunin Salshiyas. A watannin bazara, haɗa masa riga da hula da safa da tawul da bargo zalunci ne da sunan ƙauna. Ƙyallen ɗauke fitsari da zane ɗaya marar kauri sun wadatar. Kada a auna ɗuminsa da tafin hannu ko ƙafa, domin sukan yi sanyi ko da lafiya lau yake. A taɓa ƙirji ko ƙeya. Gumi da jiƙewar gashi da ƙurajen zafi da saurin numfashi alamu ne na a rage tufafi. Bugu da ƙari, kaskon garwashi a rufaffen ɗakin mai jego yana ƙara zafi, yana kuma fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari. Idan zafin jikin jariri ya kai digiri 38, a garzaya da shi asibiti, kada a nannaɗe shi.

Matsala ta biyar: yanayin kwanciya

Akwai abin da likitoci ke kira mutuwar fuju'a ta jarirai, wato a kwantar da jariri lafiya lau a wayi gari ya rasu ba tare da an gano dalili ba. A shekarar 1994 aka fara gangami a Amurka na kwantar da jarirai rigingine, kuma cikin shekaru goma irin wannan mutuwa ta ragu da fiye da rabi. Wani bincike da aka buga a 2016, wanda ya tattara sakamakon nazarce-nazarce huɗu, ya nuna cewa haɗarin ya fi tsanani ga jaririn da aka nannaɗe aka kwantar ruf da ciki, sai wanda aka kwantar a gefe, kuma yana ƙaruwa yayin da jariri ke girma. Dalilin a fili yake: wanda hannayensa ke ɗaure ba zai iya dafa shimfiɗa ya ɗaga fuskarsa ba. Saboda haka jaririn da aka nannaɗe rigingine kawai zai kwanta, a kan shimfiɗa mai tauri, babu matashi, a cikin gidan sauro wanda bai taɓa fuskarsa. A shawarwarinta na 2022, Ƙungiyar Likitocin Yara ta Amurka ta ce a daina naɗi da zarar jariri ya fara yunƙurin juyawa, abin da yakan faru wajen wata uku zuwa huɗu, wani lokaci ma kafin nan.

Matsala ta shida: tsallake nono da ƙin naɗi

Sabon jariri na bukatar shan nono sau 8 zuwa 12 a kwana guda. Kai hannu baki na daga cikin alamun farko na yunwa, naɗi kuwa yana ɓoye wannan alama, yana kuma tsawaita barci. Don haka a riƙa kwance shi lokacin shayarwa, a manna shi a ƙirjin uwa fata da fata. Wani jaririn kuma ba ya son a danne masa hannaye. Irin wannan sai a lanƙwasa su a kan ƙirji kusa da haɓa, ko a bar su a waje. In ya ci gaba da kuka, a duba yunwa ko jiƙewa ko zafi. Naɗi ba dole ba ne, kuma jaririn da ke barcinsa ba tare da shi ba bai rasa kome ba.

Kammalawa

Ana iya taƙaita dukkan bayanin nan a ƙa'idoji biyar: sama a kame ba tare da matsi ba, ƙasa a sake, fuska a buɗe, kwanciya rigingine, a kuma daina da zarar ya fara juyawa. Ɗalibai da yawa su ne ke taya iyayensu renon ƙanne, kuma su ne iyayen gobe. Malamin da ya ɗauki 'yar tsana da zane ya gwada wannan a aji, ya haɗa darasin jijiyoyi da na ƙashi da na zafin jiki a zama guda, kuma mai yiwuwa ya ceci ran wani jaririn da bai taɓa gani ba. Rigakafi dai ya fi magani.