Kalmomin Shaye-shaye da Karatun Ma'aikatan Lafiya

Binciken da Ofishin Ƙididdiga na Ƙasa ya yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda aka bayyana sakamakonsa a farkon shekara ta 2019, ya nuna cewa mutum miliyan 14.3 ne a Nijeriya, 'yan shekara 15 zuwa 64, suka sha wani abu mai sa maye, ban da giya da taba, a cikin shekarar da ta gabaci binciken. Miliyan 10.6 daga cikinsu wiwi suka sha, miliyan 4.6 kuwa ƙwayoyi dangin tiramadol, miliyan 2.4 maganin tari mai kodin da ire-irensa. Cikin kowane mutum biyar, ɗaya abin ya riga ya zame masa ciwo. Wannan ya sa ake ta kira ga likitoci, da nas-nas, da masu haɗa magani, su koma makaranta bayan digirin farko su ƙware a kan jinyar irin waɗannan mutane.

Hanyoyin karatun suna da yawa. Likita ya iya bin ta kwalejin horar da ƙwararrun likitoci ta ƙasa, ko ta Afirka ta Yamma, ya yi shekaru a asibitin taɓin hankali kamar na Aro a Abekuta ko na Barnawa a Kaduna. Wani kuma ya tafi Ingila ya yi digiri na biyu a Kwalejin King's ta London. Akwai kuma gajerun kwasa-kwasai na manhajar da ƙungiyar Colombo Plan ta shirya. Abin da ya haɗa su duka shi ne da Turanci ake karantarwa, alhali kuwa majinyacin da zai zauna gaban ɗalibin a Dawanau ko Kware da Hausa zai faɗi abin da ke damunsa.

Turawan ma ba su huta da gyaran kalmomin wannan fanni ba. A 1964 wani kwamiti na Hukumar Lafiya ta Duniya ya ba da shawara a bar tsofaffin kalmomi biyu da ake amfani da su, a ɗauki wadda ke nufin dogaro. A 2013 littafin likitocin taɓin hankali na Amurka ya yar da kalmar da ke ɗauke da zargi. Dalili kuwa ya bayyana a wani gwaji da Kelly da Westerhoff suka buga a 2010: an ba ma'aikatan lafiya fiye da 500 labarin mutum ɗaya, aka sāke sunan da aka kira shi kaɗai, sai waɗanda aka ba suna mai zargi suka fi karkata ga cewa horo ya dace da shi. To, in kalma ɗaya ta iya karkatar da ƙwararre haka, ya kamata a duba abin da kalmomin Hausa ke ɗauke da shi.

Tushen maganar duka shi ne aikatau sha, wanda faɗinsa ya wuce misali: a sha ruwa, a sha magani, a sha taba, a sha iska, a sha wahala. Daga gare shi aka sami shaye-shaye, a kan ƙirar ciye-ciye da tafiye-tafiye, watau yin abu sau da yawa, iri-iri. Kalmar tana faɗin aikin, amma ba ta ce kome game da ciwo ba. Mashayi kuwa ƙirarsa ɗaya da maƙaryaci da macuci; ta mai da aikin ya zama sunan mutumin, kamar sana'arsa ke nan. Haka ɗan ƙwaya da ɗan wiwi. Jaraba, wadda aka aro daga Larabci, da ta fi kusa, gama tana nuna abin da ya auka wa mutum ya fi ƙarfinsa, sai dai wanda aka ce masa jarababbe ya san zaginsa aka yi. Sabo ma ba ta tsira ba, tun da Hausawa sun ce sabo turken wawa. A rubuce kuwa lanƙwasa ɗaya ce tsakaninsa da saɓo.

Mafita tana cikin nahawun harshen kansa. Aikatau mai ƙarewa da wasalin u, wanda Parsons ya sa a aji na bakwai cikin tsarinsa na 1960, yana nuna wanda abu ya sama: ya kamu, ya bugu, ya taɓu. Bahaushe yakan ce wane ya kamu da tarin fuka, ba wanda zai ga laifinsa. In ma'aikaci ya ce wa uba, "Alhaji, ɗanka ya kamu da ciwon shan ƙwaya," ya riga ya gaya masa abu biyu, cewa cuta ce, kuma ana maganinta.

Sauran kalmomin da ɗalibi ke koya suna bukatar irin wannan lura. Tsananin son abin da ke taso wa majinyaci, ƙawa ta fi dacewa da shi bisa kwaɗayi, don ƙawa daga jiki take, kamar ta nama ko ta goro, kwaɗayi kuwa hali ne. Wahalar da ke biyo bayan dainawa, watau gumi, da hamma, da ciwon gaɓoɓi, da zawo, da rashin barci ga mai shan tiramadol ko kodin, ana iya kiranta ciwon yaye, gama kowace uwa ta san yaye ba a yinsa da garaje. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, don wanda giya ta kama ƙwarai, in aka raba shi da ita rana ɗaya ba tare da magani ba, yana iya yin jijjiga har ya mutu.

Inda aikin ya fi wuya shi ne komawa bayan an daina. Mutane sukan ce wane ya tuba. In ya koma, sai a ce ashe tuban muzuru ya yi, daga nan sai mari da bulala. Irin wannan fahimta ce ta cika gidajen horo kamar wanda 'yan sanda suka buɗe a Kaduna a watan Satumba na 2019, suka fito da mutum wajen 300, waɗansu da sarƙa a ƙafa. Ilmin likita kuwa, bisa nazarin McLellan da abokan aikinsa na shekara ta 2000, ya nuna kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa jinya sukan koma, kusan daidai da masu hawan jini ko asma. Mai asma in ya kwanta, cewa ake yi ciwonsa ya tashi, kuma wannan lafazin ne ya kamata ya shiga bakin ma'aikaci.

Akwai kuma batun kunya. Binciken 2019 ɗin nan ya ce cikin kowane masu sha huɗu, ɗaya mace ce. Matar aure da aka tambaya ko tana shaye-shaye, a'a za ta ce, kuma a ganinta gaskiya ta faɗa, don abin da take sha daga kemis ya fito, sunansa magani. Nas da ta san harshenta sai ta sassauta murya ta ce, "Hajiya, akwai abin da kike sha don barci ya zo? Kwalba nawa takan kai ki kwana biyu?"