Ƙoda da Mafitsarar Dabbobin Gida: Abin da Ya Shafi Mai Kiwon Rago

Duk mahaucin da ya saba fiɗa ya san ƙodar saniya daban take da ta rago. Ta saniya gunduwa-gunduwa ce, wajen guda 20 manne da juna. Ta rago da akuya da kare kuwa sumul take, kamar ƙwayar wake. A dabbobi masu tuƙa, tumbi ne ya mamaye gefen hagu na ciki, har yakan ture ƙodar hagu ta karkata dama.

Fitsarin doki lafiyayye gauraye yake, da ɗan yauƙi, domin ƙodarsa na fitar da majina da ƙwayoyin alli, don haka ba abin tayar da hankali ba ne. Ƙodar raƙumi na tsotse ruwa ta mayar wa jiki, sai fitsarin ya fito kaɗan kuma da kauri. Kaza ba ta da mafitsara sam. Farin da ke saman kashinta shi ne fitsarinta.

Inda lamarin ya fi damuna shi ne rago da bunsuru. Hanyar da fitsari ke bi daga mafitsararsu doguwa ce, siririya, ta yi lanƙwasa biyu, sannan ta ƙare da wani ɗan siririn tsinin nama a bakin azzakari. A waɗannan wurare biyu, wato lanƙwasar da tsinin, tsakuwar da ke haɗuwa a mafitsara ke maƙalewa. Tunkiya ba ta cika shiga wannan matsala ba, don hanyarta gajera ce mai faɗi.

Ita tsakuwar kuma, sau da yawa abinci ne ke haifar da ita. Dusa da hatsi suna ɗauke da sinadarin fosfaras mai yawa, ga shi kuma su ake ɗura wa ragon layya don ya yi saurin ƙiba, ruwa kuwa sai an tuna. Dabbar da aka yi wa dandaƙa tun tana ƙarama ta fi shiga haɗari, saboda hanyarta ba ta gama buɗewa ba. Sai a ga rago yana nishi, yana shurin cikinsa, fitsari na ɗigowa ko ya tsaya cak. In aka yi jinkiri, mafitsara na iya fashewa cikin kwana biyu.

Ɗan'uwa mai kiwo, ka yawaita harawa da ciyawa, ka rage dusa, ka ajiye gishiri da ruwa mai tsabta kullum. Ranar da ka ga rago yana yunƙurin fitsari ba ya fita, ka nemi likitan dabbobi a ranar.