Ina Za A Kai Yara Hutun Bana? A Gwada Ƙaraye Da Rogo

Da zarar an rufe makarantu, iyaye da yawa a birnin Kano sai hankalinsu ya tashi, domin yaran da suka saba fita tun da sassafe yanzu sun tare a tsakar gida, ba su da aiki sai faɗa da ƙannensu da rigimar karɓar wayar uwarsu. Mai ɗan hali yakan kwashe su zuwa gidan zu na Audu Baƙo, ko Gidan Makama, ko kuma su hau Dutsen Dala su hango gari. Duk waɗannan wurare ne masu kyau, amma wanda ya je sau biyu ya gama ganinsu. Ga shi kuwa a yammacin jihar nan, a ƙasar Ƙaraye da Rogo, akwai abin kallo da zai ishi iyali yini guda cur.

Babban abin da ke jan baƙo zuwa Ƙaraye shi ne madatsar ruwan Challawa, wadda take kimanin kilomita 90 kudu maso yamma da birnin Kano. Kamfanin Julius Berger ne ya gina ta tsakanin 1990 da 1992, kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ce ke kula da ita. Tsayin bangonta ya kai mita 42, tsawonsa kuwa kusan kilomita 8 ne, watau tafiyar da za ta ɗauki babban mutum fiye da sa'a ɗaya da rabi a ƙafa. Idan ta cika maƙil tana riƙe ruwan da ya haura kubik mita miliyan 900. Yaron da bai taɓa ganin ruwan da ya wuce kududdufin unguwarsu ba, in ya tsaya a gefenta sai ya tambaye ka ko wannan ce tekun da malaminsu yake faɗa.

A nan ne uba zai sami damar koyar da abin da littafi bai iya koyarwa ba. Ruwan da ake saki daga wannan madatsa shi ne ke bin kogin Challawa har ya isa matatar ruwa da ke Panshekara, daga can kuma a tura shi famfunan birni. Sa'an nan ya haɗu da kogin Kano, su zama kogin Haɗeja, su nufi fadamun Haɗeja da Nguru. Yana da kyau kuma a gaya wa manyan yaran ɗaya gefen labarin: tun da aka gina Tiga a 1974, kana aka ƙara da Challawa, ambaliyar da manoma da masunta na can ƙasa suke dogara da ita kowace shekara ta ragu. Ruwan da ya amfani wani, wani ya rasa shi.

Wanda ya isa da hantsi zai tarar da masunta sun fito da kwale-kwalensu, suna zazzage karfasa da tarwaɗa, mata kuma suna ciniki. Ku bar yara su tsaya su ga yadda ake gyaran koma, su yi tambaya, domin masunta ba su da rowar bayani in an gaishe su da ladabi. Akwai balbela da zalɓe a bakin ruwa, kuma da hunturu akan ga baƙin tsuntsaye da suka tsere wa sanyin ƙasashen Turai. Daga nan sai a zaga lambunan masu noman rani, inda yaro zai ga albasa da tumatir da attarugu a jikin uwarsu, ba a faifan mai kayan miya ba. A nemi izinin mai gona tukuna, kada a tsinki ko da ganye ɗaya sai ya ce a tsinka.

To amma fa, jama'a, ruwa ba abokin wasa ba ne, kuma a nan ne nake so iyaye su buɗe kunne. A ƙarshen watan Nuwamba na 2021 wani jirgin ruwa ya kife a madatsar Watari da ke Ɓagwai, a jihar nan tamu, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara 'yan makaranta. Abin da aka fi dangantawa da haɗarin shi ne lodin da ya wuce ƙima. Saboda haka in mai kwale-kwale ya ce zai zaga da ku, ku ƙirga mutanen da ke ciki, ku tambayi rigar kariya ta ruwa. In babu, ku haƙura. Kukan yaro na minti goma bai kai komai ba.

Haɗari na biyu ba ya ihu, shi ya sa aka fi raina shi, watau tsargiya. Ƙwayar cutar tana girma ne a jikin ƙananan dodon koɗi da ke zaune a ruwan da ba ya gudu sosai, musamman gefe-gefe inda ciyawa take. Ba sai an sha ruwan ba. Tana huda fata ta shiga jikin mai wanka ko mai wasa. Bayan 'yan makonni ko watanni sai a ga jini a ƙarshen fitsarin yaro. Har yanzu akwai masu ɗaukar wannan a matsayin alamar balaga ga ɗa namiji, alhali kuwa ciwo ne da ke cin mafitsara a hankali, yana kuma rage wa yaro jini. Maganinsa, praziquantel, yana nan a asibitoci. Amma abin da ya fi sauƙi shi ne a sa wa yara doka tun daga gida: kallo da ido, ba shiga. A kuma tafi da ruwan sha daga gida.

Da rana ta take, sai a nemi inuwar mangwaro ko ta ɗorawa a shimfiɗa tabarma. Dambu ko ɗan wake da aka ƙullo daga gida ya wadatar, a ƙara da soyayyen kifi. Bayan an ci, maza su buga langa, mata su yi 'yar gala-gala ko carafke, wasannin da yaran birni da dama sai dai su ji sunansu. Uwa ta tuna da man shafawa da rigar sanyi in lokacin hunturu ne, domin iskar bakin ruwa tana da kaifi.

Mai sauran lokaci ya ƙarasa Rogo, wadda ta yi iyaka da jihohin Kaduna da Katsina. Ƙasa ce ta noma, kuma bayan kaka za a ga dami-damin dawa da masara a ko'ina, ga rake a fadamu. In aka yi dace da inda ake matse rake ana dafa ruwansa har ya zama mazarƙwaila, to yara sun sami kallon da za su yi ta ba da labarinsa har a koma makaranta. Tun 2024 ƙananan hukumomin nan biyu ne suka haɗu suka zama masarautar Ƙaraye mai daraja ta biyu, don haka wanda ya zo lokacin Sallah zai iya tarar da hawan dawaki ba tare da cunkoson birni ba.

Batun kuɗi kuwa, man fetur ne zai fi cin aljihu. Gidaje biyu ko uku za su iya haɗa hannu su ɗauki bas guda, haka ma ƙungiyoyin mata da malaman makarantun Lahadi da na Islamiyya da ke shirya wa yara fita. A sa babba ɗaya a kan kowane yara huɗu ko biyar, a sanar da ma'aikatan madatsar ko mai unguwa cewa an zo, a kuma tambayi mutanen gari halin da hanya take ciki kafin a shiga ƙauyukan kan iyaka. Ƙarfe huɗu na yamma ta yi muku a mota, domin ku shiga Kano da sauran haske.