Ina za a tafi hutu?

Lokol takan ba da hutu sau uku a shekara. Akwai ɗan hutu na ƙarshen watan Disamba, da wani wajen ƙarshen Maris. Sa'an nan ga babban hutu, wanda ake ce wa bakansi, daga Yuli har ƙarshen Satumba. In hutu ya kusa, yara sukan fara gardama a gida. Wannan ya ce Yamai, waccan ta ce Damagaram, autansu ya ce shi dai wurin kaka. Mai gida yana jin su, amma ba ya saurin yanke magana. Ya san in aka zaɓi wuri da garaje, kuɗi za su ƙare a hanya, ko yaro ya kwanta ciwo, ko gona ta lalace.

Masu neman rana da masu neman inuwa

A Turai sanyi yana daɗewa, gajimare yakan rufe sama kwana da kwanaki. A shekarar 1936 aka yi doka a Faransa, aka ba ma'aikata hutun sati 2 kowace shekara, ana biyan su albashi. Tun daga nan tafiya hutu ta yaɗu cikin talakawansu. Da yawa sukan nufi bakin teku, wasu har Maroko, ko Tunisiya, ko Senegal. Abin da suke biɗa shi ne rana.

Mutumin Madarunfa ba ya biyan kuɗin mota don ya ga rana, tana nan bisa kansa kusan kullum. Shi inuwa yake nema, da ruwan sha, da dangi. Saboda haka kafin iyali su zaɓi wurin hutu, sai su amsa tambayoyi huɗu: Yaushe? Ta wace hanya? Da kuɗi nawa? Wurin wa?

1. Yaushe?

Lokaci shi ne ke fara zaɓen wuri.

Hutun Maris yana faɗawa cikin bazara. Daga nan zafi yake ta ƙaruwa, a Afrilu da Mayu yakan wuce digiri 40 da tsakar rana. Rijiyoyi sukan ja baya a ƙauyuka da dama. Lokacin ne kuma ciwon sanƙarau ya fi yaɗuwa, musamman inda mutane suka cunkushe. Doguwar tafiya da ƙananan yara ba ta dace da bazara ba. In ta zama dole, a tashi da asuba, a huta da azahar.

Babban hutu yana faɗawa cikin damina. Ƙasa ta yi kore, iska ta yi daɗi, amma aiki ya yi yawa. Gero da dawa da wake da gyaɗa suna jiran noma. Gidan da ya kwashe hannuwansa duka ya tafi yawo a watan Yuli, rumbunsa zai ba da labari da kaka. Banda haka, gulbi yakan cika ya yanke hanyoyin ƙauye, sauro kuma ya yi yawa. Manoma da yawa sukan bari sai an gama maimai, sa'an nan su sallami yara kwana kaɗan.

Hutun Disamba shi ne na ɗari. An gama girbi, hatsi yana rumbu, hanyoyi sun bushe, rana ta yi sauƙi. Wannan ne lokacin da ya fi kyau ga tafiya mai nisa. Sai dai a riƙe bargo da rigar sanyi, don dare yana da sanyi, hunturu kuma yana kawo ƙura da mura.

2. Ta wace hanya?

Daga Madarunfa zuwa Maraɗi kamar kilomita 25 ne. A Maraɗi ake hawa babbar hanyar kwalta mai lamba 1, wadda ta ratsa ƙasa daga yamma zuwa gabas.

Wanda ya yi gabas zai bi ta Tasawa ya isa Damagaram, watau Zinder, bayan kilomita kusan 240. A can zai ga fadar Sarkin Damagaram, da tsohuwar unguwar Birni, da manyan duwatsu a tsakiyar gari. Zinder ce hedkwatar Nijar a zamanin Turawa har shekarar 1926, lokacin da aka mai da ita Yamai.

Wanda ya yi yamma zai bi ta Birnin Ƙonni, da Dogon Dutsi, da Doso, kafin ya kai Yamai. Kilomita sun fi 650, tafiyar yini guda ce cur. A Yamai akwai babban kogin Kwara, da gadar Kennedy da aka buɗe a 1970. Akwai gidan tarihi na ƙasa, wanda aka kafa a 1959, yanzu yana ɗauke da sunan Bubu Hama. Yara sukan ga namun daji a cikinsa, da ƙasusuwan manyan dabbobin da suka ɓace tun da daɗewa.

Agadas tana arewa, cikin hamada. Hasumiyar masallacinta ta ƙasa ce, tsawonta mita 27. Amma hanyar tana da tsawo da wuya ga ƙananan yara.

Kudu kuwa, Nijeriya ce. Ana bi ta Ɗan Isa da Jibiya a shiga Katsina, inda hasumiyar Gobarau take. Katsina ta fi Damagaram kusa, mutanen Maraɗi da yawa kuma asalinsu can ne. Duk da haka wata ƙasa ce. Kuɗinta naira ne, ba sefa ba, ana kuma tambayar takardu. Iyaka takan rufe: an rufe ta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, an sake rufe ta a 2023. Ɓarayin daji kuma sun sha tare mutane a wasu hanyoyin bakin iyaka. Don haka mai gida yakan saurari rediyo, ya tambayi direbobi a tasha da waɗanda suka dawo kwanan nan. Matambayi ba ya ɓata. In aka ce hanya ba lafiya, sai a fasa. Fasa tafiya ba abin kunya ba ne.

3. Da kuɗi nawa?

Kuɗin tafiya kashi huɗu ne: kuɗin mota, guzuri, tsaraba, da ɗan abin da za a ɓoye saboda ciwo. Kuɗin mota sau biyu ake lissafa shi, zuwa da dawowa.

Ga misali. A ce kuɗin mota jika 5 ne ga mutum ɗaya, gida kuma mutum 6 ne. Zuwa jika 30, dawowa jika 30, duka jika 60 ke nan, ba a ci ba, ba a sha ba. In wannan kuɗi zai sa a sayar da hatsin ci, ko a rasa na littafi da alƙalami ranar komawa lokol, to wurin ya yi tsada. Sai a nemi na kusa, ko a raba: bana manyan yara su tafi, baɗi ƙanana.

4. Wurin wa?

Bature in ya tafi hutu, otel yake sauka, ya biya. Bahaushe wurin dangi yake sauka, don zumunci a ƙafa yake. Yaron da ya yi sati a gidan kakarsa zai san ƴan uwansa, ya ji tatsuniya, ya ji tarihin gidansu. Wanda ya sauka wurin kawu ko gwaggo a birni zai ga wata irin rayuwa, wataƙila har ya tsinci Zabarmanci ko Barbarci.

Amma baƙunta tana da ladabi. A aika da saƙo tukuna, kada a faɗo wa mutane ba zato. A duba ko masu gida suna da wurin kwana da abin ciyarwa. A kai tsaraba, ko da kifi busasshe ne ko ƙullin zogale. Yaro ya gai da manya, ya taya aikin gida. Kada kuma a daɗe har a gaji da mutum. Baƙo raɓa ne.

Na kusa ma wuri ne

Wani lokaci amsoshin nan huɗu sukan nuna cewa tafiya mai nisa ba za ta yiwu ba. Wannan bai hana hutu ba. Mutane suna tasowa daga nesa don su ga abin da ɗan Madarunfa yake wucewa kullum.

Ga tafkin Madarunfa, mai cika da damina, ya ragu da bazara. Masunta suna kama tarwaɗa da karfasa a cikinsa. Da ɗari tsuntsayen ruwa sukan sauka bakinsa, wasu daga Turai suka taso, sun gudo wa sanyi. Dattawa suna cewa waliyyai 99 ne ke kwance kewaye da tafkin, ana kuma zuwa ziyarar kaburburansu. A 2006 Nijar ta sa tafkin, da dajin da ke kusa da shi, da kaburburan nan cikin jerin wuraren da take so hukumar UNESCO ta ɗauka a kayan tarihin duniya.

Ga Jiratawa, inda ake noman rani da ruwan famfo, zogale kore shar ko da bazara. Ga Maraɗi, da fadar Sarkin Katsina da babbar kasuwa. Tsohon garin cikin kwari yake, sai da ambaliya ta ci shi a 1945 aka hau tudu. Ga Tsibiri, mazaunin Sarkin Gobir. Duk waɗannan ana zuwa da safe a dawo da yamma. Gona ba ta rasa mai ita ba, aljihu bai huje ba, yara kuma sun ga abin da za su faɗi.

Kayan tafiya

Ko nesa ko kusa, kada a manta da ruwan sha mai tsabta, da malafa ko ɗankwali saboda rana. In za a kwana, a ɗauki sange, watau gidan sauro. A riƙe takardar haihuwa da katin rigakafi na kowane yaro. Kada yaro ya shiga ruwan da bai sani ba, sai da babba. A kuma dawo gida kwana 2 ko 3 kafin a buɗe lokol, don a huta gajiya.

Wurin hutu mai kyau shi ne wanda aka je lafiya, aka ga dangi, aka ƙaru da sani, aka dawo lafiya ba tare da bashi ba.

Ma'anar kalmomi

Garaje: yin abu da sauri ba tunani.
Maimai: noma na biyu.
Guzuri: abinci ko kuɗin da matafiyi yake riƙewa.
Hasumiya: dogon gini na masallaci.
Jika: dala 200, watau sefa 1000.

Tambayoyi

1. Me ya sa Turawa suke neman rana in sun tafi hutu?
2. Waɗanne tambayoyi huɗu ne iyali za su amsa kafin su zaɓi wuri?
3. Don me hutun Disamba ya fi dacewa da tafiya mai nisa?
4. Katsina ta fi Damagaram kusa. Me zai sa a fasa zuwa can?
5. In kuɗin mota jika 3 ne, mutum 4 nawa za su biya zuwa da dawowa?

Aiki

Ku zana taswirar Nijar. Ku nuna Madarunfa, Maraɗi, Damagaram, Agadas da Yamai. Ku tambayi wani dattijo labarin tafkin Madarunfa, ku rubuta shi cikin layi 10.