Daga Zato Zuwa Tabbaci: Yadda Aka Kama Sauro da Laifin Yaɗa Zazzaɓi

A yau ko ɗan firamare ka tambaya abin da ke kawo maleriya, zai ce maka sauro. Amma shekaru ɗari da hamsin baya, manyan likitocin duniya ba su san haka ba. Suna ganin marasa lafiya suna rawar ɗari, suna ba su kwinin, wasu su warke, wasu su mutu, alhali ba wanda zai iya faɗin ta inda cutar ke shiga jiki. Bin sawun yadda aka warware wannan lamari zai nuna mana yadda masana halittu ke aiki, da kuma abin da ya raba zato da sani.

Hanyar binciken kimiyya ba ta da wuyar faɗa. Mutum zai lura da wani abu, ya tambayi kansa dalili, sannan ya kawo amsa ta wucin gadi, wadda ake kira hasashe. Daga nan sai ya ce: in hasashena gaskiya ne, to in na yi kaza dole in ga kaza. Sai ya gwada. Sharaɗin hasashe mai amfani shi ne ya zama akwai sakamakon da in ya fito zai ƙaryata shi. Maganar da ba yadda za a yi a kama ta da kuskure ba ta shiga wannan fage ba tukuna.

Tun zamanin da, mutanen Italiya sun lura cewa zazzaɓi ya fi addabar mazauna kusa da fadamu, musamman a ƙarshen lokacin zafi. Lurar daidai take. Bayanin da aka ɗora mata ne ya karkace: aka ce gurɓatacciyar iskar da ke tashi daga ruɓaɓɓen ruwa ce ke sa ciwon. Wannan bayani ya daɗe domin ya yi daidai da abin da ido ke gani, kuma wanda ya ƙaura daga bakin fadama lallai yakan samu sauƙi. A 1879 ma wasu masana biyu, Klebs da Tommasi-Crudeli, suka ce sun gano wata ƙwayar bakteriya a ƙasar fadamun da ke kewaye da Roma, ita ce mai laifin. Likitoci da yawa suka karɓa, don a lokacin ana ta gano bakteriyar cututtuka ɗaya bayan ɗaya.

A Nuwamban 1880, wani likitan sojan Faransa mai suna Alphonse Laveran, da ke aiki a Kusantina ta ƙasar Aljeriya, ya ɗiga jinin wani soja mai zazzaɓi a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Sai ya ga wata halitta mai rai tana motsi a cikin jinin, kuma ba bakteriya ba ce. Da ya sanar, ba a yi saurin gaskata shi ba, kuma hakan ba laifi ba ne: da'awar mutum ɗaya ba ta zama hujja sai wasu sun duba sun gani. Cikin 'yan shekaru masanan Italiya suka duba suka gani. Ɗaya daga cikinsu, Camillo Golgi, ya nuna cewa zazzaɓin na tashi ne daidai lokacin da ƙwayoyin cutar suka hayayyafa suka fasa jajayen ƙwayoyin jini, wani nau'in bayan sa'o'i 48, wani bayan 72. Nan aka fahimci dalilin da ciwon ke lafawa ya dawo a kan kari. Zancen bakteriyar fadama kuwa ya mutu, don waɗanda suka maimaita gwajin ba su samu abin da aka ce ba.

Saura tambaya ɗaya: ta ina ƙwayar ke fita daga jikin wani ta shiga na wani? Patrick Manson, likita ɗan Sikotlan, yana da abin faɗa. Tun a 1877, yana aiki a garin Amoy na ƙasar Sin, ya gano cewa tsutsar da ke kawo tundurmi tana girma a cikin sauro. Sai ya yi hasashen cewa ƙwayar maleriya ma haka take. Sai dai a tunaninsa sauron zai sha jinin majiyyaci, ya je ya mutu a ruwa, mutum ya sha ruwan ya kamu. A 1894 ya bayyana wa wani matashin likitan sojan Birtaniya a Indiya, Ronald Ross, wannan hasashe, ya ce ya je ya gwada.

Ross ya gwada ɓangaren ruwan. Ya ba wani mutum ruwan da sauro suka mutu a ciki, mutumin ya yi zazzaɓi. Da mai gaggawa ne, da nan ya tsaya ya yi shela. Amma da ya maimaita da wasu mutane, ba abin da ya same su. A ƙasar da zazzaɓi ya yi katutu, ciwon mutum ɗaya bayan shan ruwa ba ya nuna ruwan ne sanadi. Haka rabin hasashen malaminsa ya faɗi.

Ya ci gaba da ɗaya rabin. Fiye da shekara biyu yana barin sauro su ciji masu zazzaɓi, yana feɗe su ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin madubi, bai ga komai ba. Ashe irin sauron da yake amfani da su ba su ne masu ɗaukar cutar mutum ba. Ranar 20 ga Agustan 1897, a garin Sikandarabad, ya feɗe wani sauro mai ɗigo-ɗigo a fiffike, ya ga ƙwayar cutar tana girma a bangon cikinsa. Wannan rana ce ake tunawa da ita duk shekara a matsayin ranar sauro ta duniya. A 1898, a Kalkata, ya koma kan maleriyar tsuntsaye, ya bi ƙwayar daga cikin sauro har zuwa inda yawunsa ke taruwa. Ya bar irin waɗannan sauro suka ciji lafiyayyun tsuntsaye, suka kamu. Ta cizo cutar ke shiga ke nan, ba ta shan ruwa ba.

Tsuntsu dai ba mutum ba ne, don haka da sauran aiki. A Italiya, Giovanni Battista Grassi ya yi wata lura mai kaifi: akwai garuruwa cike da sauro amma babu maleriya, sai dai ba garin maleriya da ba sauro. Ke nan ba kowane sauro ba ne. Shi da abokan aikinsa Bignami da Bastianelli suka nuna a ƙarshen 1898 cewa sauron da ake kira anofilis ne ke yaɗa cutar tsakanin mutane, kuma macen ce ke cizo.

Duk da haka masu ra'ayin iska suna da abin cewa: ai duk waɗannan gwaje-gwaje a ƙasashen zazzaɓi aka yi su, inda iskar take. A 1900 Manson ya shirya gwaji biyu don raba gardama. Ya tura likitoci biyu, Sambon da Low, suka zauna kusan wata uku a Ostiya, tsakiyar fadamun Roma, a ganiyar lokacin ciwon. Da rana suna yawo suna shaƙar iskar da kowa ke shaƙa, kafin faɗuwar rana su shige wani ɗaki da aka toshe da raga. Ba su kamu ba, maƙwabtansu kuwa suna ta kwanciya. Sannan aka ɗauko sauron da suka ciji majiyyata a Roma aka kai su Landan, inda ba fadamar zazzaɓi, suka ciji ɗan Manson na cikinsa da yardarsa. Ya kamu, aka ga ƙwayar a jininsa, aka yi masa magani da kwinin ya warke. Iska ba sauro, lafiya lau. Sauro ba iska, ciwo. Dabarar gwaji ke nan: a raba abubuwa biyu da kullum suke zuwa tare, a ga wanne ne mai aikin. A yau irin wannan gwaji a kan mutum ba ya yiwuwa sai da izinin kwamitin da ke kare haƙƙin waɗanda ake gwajin a kansu. Ross ya samu kyautar Nobel a 1902, Laveran a 1907.

A nan ne za a gane bambancin hasashe da ra'i, wanda wasu ke kira nazariyya. Abin da Manson ya faɗa a 1894 hasashe ne. Abin da aka samu bayan 1900 ra'i ne: bayani guda da ya tsallake gwaje-gwajen mutane daban-daban a ƙasashe daban-daban, ya kuma haɗa abubuwan da a da suke warwatse. Ya bayyana dalilin da fadama ke da haɗari, don a ruwa sauro ke ƙyanƙyasa. Ya bayyana dalilin da ciwon ke ƙaruwa da damina, da dalilin da dare ya fi rana hatsari. Ya kuma faɗi abin da zai faru tun kafin a gani: in aka raba mutum da cizo, ciwon zai ragu. Saboda haka in masanin halittu ya ce ra'in ƙwayoyin cuta ko ra'in gadon halitta, ba yana nufin abin da ya raya a ransa ba ne.

Ra'i kuma ba ya rufe ƙofar gyara. A 1903 wani shahararren masani Bajamushe, Fritz Schaudinn, ya ce ya ga ƙwayar da sauro ya zuba tana shiga jajayen ƙwayoyin jini kai tsaye. Girman sunansa ya sa maganar ta zauna a littattafai shekara da shekaru, ko da yake ba wanda ya sake ganin abin da ya ce ya gani. Sai a 1948 Shortt da Garnham suka nuna cewa ƙwayar hanta take fara sauka, ta hayayyafa a can kafin ta fito cikin jini. Hausawa na cewa gani ya kori ji, amma a kimiyya ganin ma sai an samu mai maimaita shi. Haka nan an daɗe ana koyar da cewa nau'i huɗu na ƙwayar maleriya ne ke kama mutum, sai a 2004 bincike a Sarawak ta Malesiya ya nuna wani nau'in ƙwayar da ke jikin birai yana kama mutane da yawa. Waɗannan gyare-gyare ba su wanke sauro ba, sun dai ƙara cika bayanin.

Ƙasar Hausa ma ta ba da nata kason. Tsakanin 1969 da 1976, Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya sun gudanar da babban bincike a ƙauyukan Garki, da ke Jihar Kano a lokacin, Jigawa a yanzu. Hasashen shi ne feshin maganin sauro a ɗakuna, haɗe da raba magani ga jama'a, zai iya katse yaɗuwar cutar. Aka fara ƙidayar masu ɗauke da ƙwayar kafin a taɓa komai, aka yi aikin a wasu ƙauyuka, aka bar wasu don kwatanci. Cutar ta ragu ƙwarai, amma ba ta yanke ba, kuma da aka daina ta dawo. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne wasu sauron a waje suke hutawa, feshin bango ba ya samunsu. Hasashen bai tabbata ba, aka kuma rubuta hakan ƙarara a rahoton da ya fito a 1980, wanda masana ke amfani da alƙalumansa har gobe. Ta irin wannan kwatanci ne kuma binciken Navrongo a arewacin Gana ya nuna a 1996 cewa gidan sauro mai magani ya rage mace-macen yara ƙanana da kashi 17 cikin 100.

Amfanin sanin wannan hanya bai tsaya ga masu farar riga ba. Kullum ana turo mana saƙonni a WhatsApp cewa ganye kaza na warkar da ciwon suga, ko abinci kaza ne ke kawo zazzaɓi. Ba a cewa ƙarya ne don kawai daga gargajiya ya fito: kwinin daga ɓawon itace aka samo shi, sinadarin atemisinin da ke cikin magungunan maleriya na yau kuwa daga wani tsiro na maganin gargajiyar Sin Tu Youyou da abokan aikinta suka tace shi, har ta samu kyautar Nobel a 2015. Abin da ya ɗaga su shi ne an gwada su sun ci.

Don haka, mai karatu, duk wanda ya zo maka da magani ko bayanin wata cuta, yi masa tambaya uku. A kan mutum nawa aka gwada? Da su wa aka kwatanta waɗanda suka sha? Wa ya sake gwadawa ya samu daidai da haka? In ba amsa, to zato ne har yanzu, kada ka jingina lafiyar iyalinka a kansa. In yaro ya yi zazzaɓi, a kai shi asibiti a gwada jininsa kafin a ba shi magani.