Rataya, Tsire da Gicciye: Kalma Ɗaya, Hukunci Biyu

Malamin da ya ke koyar da fassara ya kan haɗu da wata wahala in ya zo ga kalmar Larabci "salbu". Hausa tana da rataya, da tsire, da gicciye, amma ko wacce da inda ta nufa. Abin da ya ke raba su kuwa tambaya ɗaya ce: da rai a ke ɗora mutum bisa itace, ko kuwa gawarsa a ke ɗorawa?

Tambayar ta daɗe. A Attaura, cikin Kubawar Shari'a 21:22-23, kalmar Ibrananci ita ce "tala", watau ratayewa. A kan kashe mai laifi tukuna, sa'an nan a rataye gawar, a kuma binne ta kafin ta kwana. Mishna, wadda aka tattara wajen shekara ta 200 Miladiyya, ta ƙara ƙuntata abin: wanda ya saɓi sunan Allah da mai bautar gumaka kaɗai a ke ratayewa, bayan jifa, a sauke su nan da nan. Ke nan ratayar tozartawa ce, ba hanyar kisa ba.

Amma Littafin Haikali na kogunan Kumran, wanda Yadin ya buga a 1977, ya juya jerin kalmomin: a rataye maci amanar jama'arsa, sa'an nan ya mutu. Tarihin Yosifus kuma ya ce sarki Iskandari Yannayus ya gicciye Yahudawa 800 da ransu.

Saɓanin nan shi ne a fiƙihunmu game da ɗan fashi. Ibnul Ƙasim ya ce a ɗaure shi da rai kana a kashe shi, Ashhabu ya ce kisa ne farko. Dukansu kuwa almajiran Maliku ne.

Kada a ɗauka zancen littafi ne kurum. Dokar laifuffuka ta Shari'a da Zamfara ta kafa a 2000 ta sa wannan hukunci ga ɗan fashin da ya kashe rai ya kuma ƙwashi dukiya, ta hau kan talakan Dareta da alƙalin Anka baki ɗaya. In an ce "rataya", mai sauraro igiya a wuya zai tuna, irin ta dokar Turawa. In an ce "tsire", sai ya tuna tsinken da a ke soke mutum a kai a zamanin sarakunan dā, wanda malamai ba su nufa ba. A ganina "gicciye" ta fi kusa, ko da ya ke ita ma ba ta faɗi wanne ya ke gaba ba, kisan ko ɗaurin.