SAMe: ƙwayar da aka ce tana maganin damuwa da gwiwa da hanta

Filin lafiya na wannan makon ya tsaya ne a kan wata ƙwaya da ake rubuta sunanta SAMe ko SAM-e, Turawa kuwa "Sami" suke ce mata. A jikin kwalinta za ka ga alkawari uku: tana rage damuwa, tana sassauta gaɓoɓi, tana taimakon hanta. To idan ɗan'uwa ya aiko maka da ita daga Amurka ko Italiya, ko ka gan ta a babban kemis, ko wani ya ce ka saro ta ka kai Sinkase, ga abin da za ka riƙe kafin ka zaro kuɗinka.

Da farko dai, Sami ba ƙirƙirar 'yan talla ba ce. Jikinka da kansa yana haɗa ta kullum, kuma hanta ce babbar maƙerarta. Daga wani sinadari mai suna metiyonin ake yin ta, wanda ke cikin nama da kifi da ƙwai da madara da riɗi. Masu kiwon kaji sun san shi, ai shi ne ake ƙarawa a abincin kaji. Aikin Sami a jiki kamar na ɗan dako ne a tasha: ta ɗauki ɗan ƙaramin ƙunshi nan, ta sauke can. A ƙwaƙwalwa, da ita ake sarrafa sinadaran da ke daidaita walwalar mutum. A gwiwa, tana da hannu wajen gina guringuntsi. A hanta kuma, ta hanyarta ake samar da gulutatiyon, wanda hanta ke kashe dafi da shi. Ka ga inda alkawuran nan uku suka samo asali kenan.

Wani masani ɗan Italiya da ke aiki a Amurka, Giulio Cantoni, shi ya gano ta a 1952. A Italiya likita ne ke rubuta ta da sunan Samyr, a Rasha kuma Heptral, kuma a irin waɗannan kwalaye za ka ga an rubuta ademetionine, duk abu ɗaya ne. A Amurka a 1999 ta shiga kantuna, amma ba a matsayin magani ba, a matsayin ƙarin abinci. Wannan bambancin ba ƙarami ba ne fa. A dokarsu ta 1994, mai sayar da ƙarin abinci ba sai ya fara tabbatar wa hukuma cewa kayansa na warkarwa ba kafin ya baza su a kasuwa. Saboda haka don ka ga kwalin Amurka, ba shi ke nuna an tabbatar da aikin abin da ke ciki ba.

To an gwada ta? An gwada. Akwai wata ƙungiya mai suna Cochrane, aikinta ta tattara gwaje-gwajen da aka yi wa magani ta tace su, kamar yadda dillali ke buɗe bakin sa ya duba haƙora, ba ruwansa da yabon mai shi. A 2016 ta duba gwaji 8 da aka yi da mutum 934 masu ciwon damuwa. Abin da ta samu shi ne babu ƙwaƙƙwarar shaidar cewa Sami ita kaɗai ta fi ƙwayar wofi, wato wadda ba magani a cikinta, kuma gwaje-gwajen kansu ba su da ƙwari. Akwai dai wani gwaji na 2010 a Boston da ya ba da ɗan fata. Mutum 73 ne da maganin asibiti bai yi musu ba, sai aka ƙara wa wasu Sami, wasu ƙwayar wofi. Kashi 36 cikin ɗari na masu Sami sun ji sauƙi, na wofin kuwa kusan kashi 18. Amma ka lura, a gaban likita aka yi wannan, yana duba su a kai a kai.

A nan ne muke roƙon ku kasa kunne da kyau, musamman matasa masu kora garke da direbobi da masu dako. Sami tana taɓa wani sinadarin ƙwaƙwalwa da ake kira serotonin. Tramol ma haka. Kun san yadda tramol ya yi a arewacin nan, har a 2018 hukuma ta tashi tsaye a kansa. Mai 50 da mai 100 ne kawai hukumar abinci da magunguna ta Ghana, FDA, ta amince da su, amma masu 120 da 225 da 250 sun sha ƙetare iyaka. Idan mutum ya haɗa abu biyu masu ɗaga serotonin, yana iya wuce ƙima. Sai ka ga karkarwa, gumi yana zuba, zuciya na dukan uku-uku, jiki ya yi zafi, hankali ya ruɗe, wani har ya faɗi yana shure-shure. Nesa da asibiti, a rugar da babur ma da ƙyar yake shiga, wannan na iya zama ajali. Haka abin yake da magungunan damuwa na asibiti da wasu ruwan maganin tari. Mai shan ɗaya daga cikin waɗannan, kada ya ɗora Sami a kai sai likita ya sani.

Akwai kuma mutanen da ciwonsu mai hawa da sauka ne. Wata guda yana kwance a ɗaki ba ya son magana, wani watan kuma ba barci, sai surutu da kashe kuɗi, ya sayar da saniya don abin da bai kai ya kawo ba. Irin wannan mutumin Sami na iya tayar masa da hawan. Ko mai lafiya ma takan sa shi tashin zuciya da ɓacin ciki da rashin barci.

Damuwa gaskiya ce, ba raunin imani ba. Wanda aka kore masa garke dare ɗaya, ko matar da rikicin Bawku da dokar hana fita suka durƙusar mata da jari, in suka kasa ci suka kasa barci makonni, ciwo ne mai magani. A asibitocin gundumomi akwai ma'aikatan jinya na lafiyar ƙwaƙwalwa. Ka fara da su. Wanda kuma ya fara maganar ya gaji da rayuwa, a kai shi a ranar, kada a bar shi shi kaɗai.

Maganar gwiwa gajeriya ce. Wani ƙaramin gwaji a Kalifoniya a 2004 ya auna Sami da maganin ciwon gaɓoɓi na asibiti. A watan farko na asibitin ya fi ta, a wata na biyu suka zo kunnen doki. Amma da Cochrane ta haɗa gwaji 4 na mutum 656 a 2009, sai ta ce in ma akwai amfani kaɗan ne, kuma shaidar ba ta kai a ce kowa ya sha ba. Duk wannan ma a kan gwiwar da ta goge ne saboda shekaru da doguwar tafiya. Kai makiyayi, naka ciwon gaɓoɓin mai yiwuwa daga wani wurin yake. In shanunka suna ɓari, gwiwoyinsu na kumbura da ruwa, abin nan da Fulani ke ce wa bakkale, kai kuma kana fama da zazzaɓi mai zuwa yana komawa da gumin dare da ciwon baya, to cutar na iya zama ta tsallako maka ta ɗanyen nono ko wajen taimaka wa saniya haihuwa. Wannan sai gwajin jini da maganin kashe ƙwayar cuta na mako 6 ko fiye. Ba abin da Sami za ta yi masa. A riƙa tafasa madara.

Sai hanta, kuma a nan ne tallar ta fi haɗari. Babban gwajin da ake kafa hujja da shi an yi shi a Sifen, aka buga a 1999: mutum 123 da giya ta cinye musu hanta, aka ba wasu miligiram 1200 kullum har shekara 2. Cikin masu Sami kashi 16 cikin ɗari ne suka mutu ko aka yi musu dashen hanta, cikin masu wofi kashi 30. A ido kamar babban bambanci ne, amma mutanen sun yi kaɗan, lissafin bai kai a ce tabbas ƙwayar ce ta jawo shi ba. A 2006 Cochrane ta haɗa gwaji 9 na mutum 434 ta ce ba ta ga shaidar da za ta sa a ce a sha ko a bari ba.

Yanzu ka tambayi kanka, mu nan me ke cin hantarmu? Akwai masu fito da akpeteshi, ba a musu. Amma babban ɓarawon shi ne ciwon hanta nau'in B. Wani nazari na 2016 da ya haɗa binciken da aka yi a Ghana ya nuna wajen mutum 12 cikin kowane 100 suna ɗauke da shi. Yawanci tun suna yara suka kamu, daga uwa wajen haihuwa, ko ta aska ɗaya da aka yi wa mutum da yawa aski ko kaciya ko ƙaho da ita. Ciwon ba ya sallama. Mutum zai yi shekara 20 ko 30 garau yana fatauci, sai ranar da ido ya yi shawara, ciki ya kumbura, a lokacin kuwa ɓarna ta yi nisa. In aka haɗa shi da gyaɗa ko masara mai fumfuna, haɗarin sankarar hanta ninkuwa yake yi, don akwai dafi a cikin wannan fumfunar. Masu adana gyaɗa a buhu kan ƙasa mai danshi, da ku ake.

Sami ba ta kashe wannan ƙwayar cutar, ko kaɗan. Mutum zai iya shan ta wata shida yana ganin ya yi wa hantarsa gata, cutar na can tana aikinta. Abin da ke danne ta shi ne magani irin su tenofobir, ƙwaya ɗaya a rana, ga wanda likita ya ga yana bukata. Gwajin kuwa ɗigon jini ne daga yatsa. Ka tambaya a asibitin gwamnati na Salaga, ko na Yendi, ko asibitin Presby na Bawku, in abin ya yi nisa a tura ka babban asibitin koyarwa na Tamale. In ba ka da shi, allurar riga-kafi sau 3 ce. A 2002 Ghana ta sa wannan riga-kafin cikin alluran jarirai, don haka duk wanda aka haifa kafin nan, galibi bai samu ba sai in da kansa ya je. Mai ciki kuma ta nemi a gwada ta a wurin awo, don in tana da shi akwai allurar da ake so jaririn ya samu cikin awa 24 da haihuwa.

Ka yi lissafin ɗan kasuwa. Miligiram 1200 a rana ƙwaya 3 kenan masu 400, wato 90 a wata, sama da 2,000 a shekara 2. Ka tambayi kuɗin kwali ɗaya ka ninka, sannan ka tambayi kuɗin gwaji da riga-kafin gidanka duka.

Ku masu sari, akwai wani abu kuma. Mutanen Salaga sun san goro da lallashi, sai an naɗe shi da ganye ana yayyafa masa ruwa. Sami ta fi shi shagwaɓa, sai dai ita danshin ne ba ta so, da zafi. Shi ya sa ta kirki kowace ƙwaya a rufe take a gidanta cikin takardar azurfa, kuma an lulluɓe ta da wani rufi don ta wuce tumbi ta narke a hanji. Wadda aka juye a leda ana ƙirga wa mutane, ko kwalin da ya kwana a bayan mota ya wuni a kan tebur a ranar Bawku ta watan Maris da Afrilu, ƙarfinta ya riga ya ragu tun kafin a haɗiye ta. Kuma dokar lafiyar jama'a ta 2012 ta ce magani ko ƙarin abinci sai FDA ta yi masa rajista kafin a shigo da shi ko a sayar, tallarsa ma sai da izininta. Kayan da ba rajista, in jami'ai suka tare ka da su a Kulungugu ko Pulmakom ko Tatale, ƙwacewa za a yi, jarin ya tafi. Hukumar tana da ofis a Tamale da Bolgatanga. Ka ɗauki kwali ɗaya ka kai musu su duba lambar kafin ka biya kuɗin katan.